Mai Kunna wa Mode Taba

Hassana ta ɗora zoben a kan katakon tireda, tsakanin kwalbar alewa da ƙullin sikari, ta ja da baya ta harɗe hannuwa.

"Kaka ya ce in gwada maka wanga, don ka san shi na yat turo ni. Kara guda."

Mu'azu ya dubi zoben. Ya san shi sarai. Na tagulla ne, ya lotse gefe ɗaya, shi ne wanda maƙwabcinsa Mode ke ƙwanƙwasa benci da shi idan yana son a yi shiru a saurare shi. A unguwarsu ta Goronyo, in babba ya cire zobensa ko hularsa ya ba yaro, to kamar shi ya zo da ƙafarsa. Wanda ya mayar da yaron hannu banza, da mai zoben ya yi.

"Na ga zobe," in ji Mu'azu. "Ki maida mai abinai. Ba ni saida ma yaro taba."

"Ba ni za ni sha ba."

"Na sani. Kowa haka shika cewa."

"Baba Mu'azu, ba shi iya tashi hwa. Jiya ko bayi sai da anka kama shi."

"Allah shi ba shi lahiya. Ki ce mai ina nan tahe da la'asar."

Yarinyar ta warware hannuwanta. Ta ɗauki zoben ta zura a babban yatsa, ta juya. Amma ba gida ta nufa ba. Mu'azu na kallo ta bi bakin titi, ta ratsa tsakanin buhunan albasa da ake lodi, ta yi tasha. Ko shekara goma sha biyu ba ta cika ba.

Shi ma dai Mu'azu shi ya ɗauko wa kansa wannan jidali. Bara ne Malama Jemima, wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Zuru da ke haya a ƙarshen layinsu, ta sa mai unguwa ya tara masu tireda da masu shago a gindin dogonyaro. Ta ce musu akwai doka: ba a sayar wa wanda bai kai shekara goma sha takwas ba taba, ko an aiko shi ko ba a aiko shi ba. Kowa ya gyaɗa kai, aka ce an ji an ɗauka, aka shafa fatiha aka watse. Kafin kasuwa ta zagayo kowa ya koma ruwa. Sai Mu'azu kaɗai, mutumin Wurno mai taurin kai, wanda in ya ce to a gaban mutane maganar ke hana shi sakat. Ya kafe a kan cewa mai bakin sha ya zo da kansa. Ladan da ya samu shi ne samari suka laƙa masa suna Hukuma, yara kuma suka ɗauke masa har cinikin alewa da biskit, don ba wanda zai yi sawu biyu a wannan rana ta bazara.

Da azahar ya kasa haƙuri, ya ja buhu ya rufe kayansa, ya taka har tasha wurin Zaharaddeen, mai teburin da ke jikin rumfar 'yan lodi.

"Ɗiyar gidan Mode ta zo nan?"

"Ta zo, na sallame ta." Zaharaddeen ko ɗago kai bai yi ba, yana jera kwalaye.

"Ba kai na kusa da ni ba ran da munka ɗauki alkawali?"

"Ni na. Kai ma ka san alkawalin taro na, Hukuma. Ɗiya ta zo da zoben tsoho, in ce mata mi? In buɗe bakinta in ƙirga haƙora awa tunkiya? Tun da anka yi taron ga, wa kag gani ya zo dubawa? In ban ba ta ba, ga Mujaheed can ƙetaren titi, shi har ashana shika ƙara musu."

'Yan lodi suka kwashe da dariya. Abin da ya fi ƙona wa Mu'azu rai shi ne ba ƙarya a maganar ko ɗaya. Ya juyo yana huci, bai ko yi sallama ba.

Gidan Mode kango ne da aka kewaye da zana, lungu ne kawai tsakaninsa da gidan Mu'azu. Shi Mode tsohon masunci ne, daga wani ƙauye na wajen Rabah. 'Yan bindiga suka kashe masa ɗa, ya kwaso matar ɗan, Mashkura, da jikarsa Hassana, ya dawo Goronyo yana jefa birgi, ragar kamun kifi, a gindin madatsar ruwa, har ƙirji ya ƙi. Mashkura kullum tana gonakin albasa wurin ƙwadago, daga safe sai yamma. Jinya kacokan ta faɗa kan yarinyar.

Bayan la'asar Mu'azu ya yi sallama ya shiga. Mode na kwance a rumfa kan tabarma, an tokare masa baya da matashi da tsohuwar komar kamun kifi a naɗe. Ya rame har zoben ya koma ɗan yatsan tsakiya. Bakin nan dai yana nan yadda yake.

"Hukuma! Kama ni kaz zo yi? Ga ni nan, ba ni iya gudu."

"Dubiya niz zo, Baba Mode. Ya jikin?"

"Jiki ya gode Allah. Zobena ne dai bai da lahiya, an kai shi ƙohwar maƙwabci an koro shi."

Mu'azu ya zauna a turmi. Tsohon ya laluba ƙarƙashin matashi ya zaro karan da aka sayo a tasha. Bai nemi ashana ba.

"Ke Hassana, kunno min."

Yarinyar ta karɓa ta nufi murhu. Ta tono garwashi da tsinke, ta durƙusa, ta sa karan a bakinta. Kumatunta suka lotsa sau ɗaya, sau biyu. Wuta ta kama. Hayaƙi ya fito mata ta hanci, ta miƙe ta kawo wa kakanta tana riƙe da shi tsakanin yatsu biyu kamar tsohon direba. Ko tari ba ta yi ba. Rashin tarin nan shi ya daki Mu'azu a ƙirji.

"Baba Mode! Mi nika gani haka?"

"Mi kag gani? Ba ni da iskan da za ni ja wuta ta kama. In bar ta ta kunna kanta?"

"Tun yaushe taka yi?"

"Tun da nik kwanta."

"Ɗiya mace, Baba! Ɗiyar marigayi! Ni ina can ina korar ta daga tireda, mutane na zagina, ashe nan cikin gida aka sa mata ita ga baki?"

"Kai dai ka cika ɗaukar zahi. Ni ma haka nik kunna ma ubana, ga ni na ga jikoki."

"Ga ka kwance dai."

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Mode ya dube shi, ya ja hayaƙi ɗan kaɗan, tari ya turnuƙe shi har sai da Hassana ta tallafe masa kai. Da ya lafa ya ce, a hankali, "Abu guda yar rage min da nika jin daɗinai duniyag ga. Ka hana, ta tahi tasha. Kai ka san irin mazan da ka zama tasha. To zaɓi."

Mu'azu ya fito ransa a jagule. A ƙofa ya yi kiciɓis da Mashkura ta dawo daga gona, ƙafafunta duk laka. Ya faɗa mata abin da ya gani. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Na sani, Malam. To ni da wane baki za ni hana Baba? Uban mijina na. In yac ce ta kunna, ni sai dai in shige ɗaki."

Daga nan ya wuce wurin Malama Jemima. Ya same ta a ƙofar gida tana tsince shinkafa a faranti, takalman aiki a gefe. Ita ce ke zuwa duba Mode, don haka bai yi dogon bayani ba. Ta ajiye farantin ta dafe kai.

"Wannan tsoho zai kashe ni. Na yi masa magana har na gaji. Baba Mu'azu, huhunsa ya gama aiki, kwanaki ne kawai. Ko ya bari yau ba abin da zai sake."

"To in kai mai da kaina?"

"Kada ka sa ni in faɗi wannan da bakina, aikina ne hanawa."

"To wa za ni kai ma ƙarar Zaharaddeen? Ke kit tara mu. Wa ka kamawa?"

Jemima ta yi wata dariya marar daɗi. "Na faɗa a ofis, na faɗa a taro, na sake faɗa. Kullum sai a ce za a turo masu zagayawa. Ko babur ɗaya ban gani ba. Kai kaɗai ka riƙe maganar nan a duk garin, ni har kunyar bi ta gaban tiredarka nake ji." Ta ɗauki farantinta. "Ni dai abin da na sani, yarinyar nan kada ta sake sa shi a baki. Yadda za ka yi, ka yi."

Yadda zai yi! Kowa ya iya faɗin haka. Mu'azu ya kwana yana juya maganar, da gari ya waye ya yanke shawara: shi zai kai, shi zai kunna. Sai dai magidanci kamarsa ba ya ratsa layi da kara ɗaya a yatsa ya ce ya zo dubiya. Ya ɗauki kwali sukutum, sabo, ya sa a aljihu, yana gaya wa kansa cewa ai hannun babba zai damƙa wa, ba wanda zai ce ya karya doka.

Mode ya juya kwalin a hannu, ya shinshina. "Ashe Hukuma na da imani."

"Da sharaɗi. Hassana ba ta ƙara zuwa tasha, ba ta ƙara kunnawa. Sahe da marece ni ka zuwa."

"Kai? Ka taɓa sha?"

"Ban taɓa ba."

Ya fara gwadawa da ashana kawai, yana riƙe da karan nesa da fuska. Bakin ya yi baƙi, wuta ta ƙi zama. Ashana ta uku ta ƙone masa yatsa. Ƙarshe dai, mutumin da ya shekara ashirin yana sayar da taba bai taɓa ɗanɗana ta ba, ya rufe ido ya sa a baki ya ja. Hayaƙi ya sarƙe shi, ya yi ta tari har hularsa ta faɗi, hawaye shaɓe-shaɓe. Mode ya yi dariya har numfashinsa ya nemi ɗaukewa. Hassana na tsaye jikin turken akuya tana kallo, ita ba ta yi dariya ba.

Da zai tafi ya miƙa hannu zai ɗauki kwalin, tsohon ya dafe shi.

"A'a. Wurno haka aka yi? A kawo ma maras lahiya abu a hita da shi?"

Nan ma ba ƙarya. Abin da ya shiga ɗakin majinyaci da sunan dubiya ya shiga ke nan, ko lemo ne ko goro. Mu'azu ya tsaya da hannu a miƙe kamar maroƙi.

"To ka yi min alkawali ba ta taɓa shi."

"Ƙarƙashin kaina shika kwana. Wa ka ɗaga kan Mode bai sani ba?"

Haka aka shiga yi. Da hantsi Mu'azu ya ja buhu ya rufe tireda, ya je ya kunna, ya riƙe wa tsohon a baki don hannun ya daina riƙo. Bayan la'asar ya sake. Masu saye su zo su tarar ba kowa su wuce tasha. Matarsa Asabe ta shinshina rigarsa ta ja tsaki.

"Malam, warin mi nika ji ga rigakka? Da girmanka?"

"Ke dai wanke."

"Ana ta faɗi bakin rijiya, wai mai hana yara ya koma sha a ɓoye."

Ya so ya yi bayani, ya ga tsawonsa, ya fasa. Abin da ya riƙe shi ɗaya ne: tun ranar bai sake ganin Hassana ta bi hanyar tasha ba. In ya shiga gidan sai ta ba shi turmi ta koma gefe, tana bin hayaƙin da ido. Shi kuwa ya ɗauka kewar hidimar kakanta take yi.

Mode bai ci ko rabin kwalin ba. Kullum abin da yake iya ja raguwa yake yi, har ya zama sai dai ya ɗan taɓa da leɓe, sauran ya ƙone a yatsun Mu'azu. Hira ma ta koma guntu-guntu. Wata rana ya ce a ƙauyensu akwai wani gurbi da kifin rajiya ke taruwa in ruwa ya ja baya, ba wanda ya san shi sai shi da ɗansa. Bai ƙarasa ba ya yi barci.

Ranar da abin zai faru, rana ba ta yi zafi ba tukuna Hassana ta zo da gudu, ba ɗankwali.

"Baba Mu'azu, Kaka na kiranka. Numhwashinai ya sake."

Ko buhun bai ja ba ya bi ta. Ya tarar Mashkura ba ta je gona ba, tana tsugune daga nesa tana kuka ƙasa-ƙasa. Ƙirjin Mode na hawa da sauka kamar ana jan guga mai nauyi. Idonsa ya sauka kan Mu'azu, sannan ya karkata wajen matashi.

"Baba, bari wagga yanzu. Ka yi salati."

Leɓen tsohon ya motsa. "Kunna."

Mu'azu ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya hana, mutum ya tafi da jin haushinsa. Ya ba shi, maƙwabcinsa ya cika da taba a baki. Ya zura hannu ya zaro kara ɗaya, ya mayar da kwalin, ya ƙyasta ashana ya ja. Yanzu shi ma ya daina tari. Ya kai bakin Mode. Leɓen ya kama, amma ba iskar ja. Hayaƙin ya yi ta tashi shi kaɗai a tsakaninsu.

Sai Mu'azu ya zare karan ya murje shi a ƙasa da tafin hannu, bai ko ji zafin ba. Ya sunkuya daidai kunnen tsohon.

"La'ilaha illallahu. Baba Mode, biya. La'ilaha illallahu."

Ya yi ta maimaitawa. A karo na nawa ne, bai sani ba, ya ga leɓen ya bi shi, ba sauti. Daga nan ƙirjin ya sauka bai sake hawa ba. Mu'azu ya shafe masa ido, ya ja mayafi ya rufe shi. Mashkura ta fasa kuka, mata suka fara shigowa ta kowace kusurwa.

Kafin azahar an yi wanka an sallace shi an kai shi. Zaharaddeen ma ya zo, har ya kama makara. Sai a hanyar dawowa daga maƙabarta, ana tafe ana jajanta wa juna, abin ya faɗo wa Mu'azu kamar an jefe shi: kwalin. Ya bar shi ƙarƙashin matashi, kuma kan da ke danne shi ya tashi.

Gidan ya cika da mata, ba halin namiji ya kutsa. Ya aika Asabe. Ta dawo ta ce an naɗe tabarma, an shanya matashi bisa zana, ba kwali ba alamarsa. Ya sa aka kira masa Mashkura bakin ƙofa, ta ce wallahi ba ta gani ba, hankalinta ba ya jikinta. Ya tare Hassana za ta ɗebo ruwa.

"Ke, ina kwalin Kaka?"

"Ban gani ba."

"Dube ni nan. Ina shi?"

"Ƙila masu wanka sunka ɗauka."

Ta faɗa tana kallon tulunta. Yarinya ce da ta rasa uba, yau ta rasa kaka, idonta a kumbure. Zai kama ta ya lalube ta a gaban masu gaisuwa? Ya sake ta ta wuce, yana jin kamar ya kwaɗa wa kansa mari.

Ran sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai suka yi addu'a, aka raba waina da goro. Mu'azu ya ɗauki buta ya zaga lungun da ke tsakanin katangarsa da bayan gidan Mode, inda ake jibge karan dawa. Tun kafin ya sha kwana warin ya tarye shi.

Tana tsugune bayan karan, ta jingina da katanga, gwiwoyi a ƙirji. Ta ja, ta riƙe, ta sake shi a hankali ta hanci, idonta a lumshe. Ba wanda ya aike ta, ba wanda za ta miƙa wa.

"Hassana."

Ta buɗe ido. Ba ta firgita ba, ba ta gudu ba. Ta sauke hannun ta ajiye guntun a ƙasa.

Mu'azu ya matso kusa da ita. Ya miƙa hannu kawai. Ta kwance bakin zaninta ta ciro kwalin, ya lanƙwashe don zufa, ta ɗora masa a tafi. Tun daga nauyin ya gane. Ya buɗe duk da haka, ya leƙa. Ba komai ciki sai farar takarda da ɗan garin taba a kusurwa.

Daga cikin gida muryar Mashkura ta taso. "Hassana! Ina kike? Zo ki kai ma mutane ruwa!"

"Ga ni nan, Inna."

Ta miƙe ta kakkaɓe zani, ta goge baki da bayan hannu, ta raɓa ta gefensa ta wuce. Mu'azu ya tsaya a lungun, buta a hannu ɗaya, kwali a ɗaya. A ƙasa kusa da ƙafarsa guntun bai mutu ba, siririn hayaƙinsa na bin katanga yana hawa.